TAMOWA: ƘADDARA CE KO SAKACI?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya halicce mu, yake ciyar da mu, yake shayar da mu, ba don yana bukatar komai daga gare mu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana wata jana'iza ce da na halarta a wani ƙauye na ƙasar Goronyo. Yaro ne ɗan wata 20. Da aka miƙo mini shi cikin likkafani, wallahi nauyinsa bai fi na jaririn da aka yi wa suna jiya ba. Uban ba matalauci ba ne. Manomin albasa ne, a wannan shekarar ma ya yi lodin mota zuwa kudu, ya ɗinka sababbin riguna, ana kuma maganar zai ƙara aure. Da muka zauna zaman gaisuwa sai ya ce mini, "Malam, mi munka iya? Kwana ya ƙare." Wani tsoho a gefe ya ƙara da cewa ai kowa ya san mayya ce ta kama kurwar yaron. Ban ce komai ba, domin wurin ta'aziyya ba wurin faɗa ba ne. Amma maganar ta bi ni gida, ta hana ni barci.

Ga tambayar da nake so mu duba da idon shari'a. Idan yaro ya rame, ya bushe, ko ya kumbura, har ya mutu saboda abin da yake ci bai isa ya riƙe jikinsa ba, shin iyakar abin da za mu ce ƙaddara ce, ko kuwa akwai wanda Allah zai tambaya? Kuma idan ma'aikacin lafiya ya zo ya ce ku ba yara kaza, ku bar kaza, jin maganarsa yana cikin addini, ko kuwa al'adar Turawa ce wadda wanda ya ga dama ya ɗauka, wanda bai ga dama ba ya bari?

Tun farko ka sani, ya ɗan'uwa, ba ƙaramar musiba muke magana a kai ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa da aka yi a 2018 ta nuna fiye da rabin yaran jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki. A ƙasa baki ɗaya a wancan lokacin kashi 37 cikin 100 ne. Ka tsaya ƙofar makarantar allo a Wurno ko Rabah ka ƙirga yara 10, ka san cewa a lissafin nan 5 ko fiye abin ya shafe su. Tsumburewa kuma ba ta tsaya ga tsawo ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron da muke duka da dorina don ya kasa riƙe hadda, mai yiwuwa tun yana goye aka zalunce shi. Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa 5: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Tamowa tana cin rai, tana cin hankali, tana cin zuriya. Yaya za a ce babu ruwan mai wa'azi da ita?

Maganar ƙaddara

Babu Musulmin da zai yi musun cewa ajali a hannun Allah yake. Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne na imani, wanda ya ƙaryata shi ya ɓata. Mahaifin yaron nan da ya ce kwana ya ƙare bai yi ƙarya ba. Inda kuskuren yake shi ne a mai da ƙaddara mayafin da ake rufe laifi da shi.

Dubi abin da ya faru da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi lokacin da ya nufi Sham. Ya isa wani wuri da ake kira Sarga sai labari ya zo cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan. To, kai da kake da akuya mai nono da buhun wake a ɗaka, ka zaɓi ka kai ɗanka fako, sa'an nan ka ce Allah ne?

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan tawakkalin namu a kan 'ya'ya kawai yake aiki. Ban taɓa ganin manomin da ya dasa albasa a fadamar Rima ya koma gida ya kwanta ya ce in Allah ya ƙaddara za ta yi ba. A'a. Yana sayen taki, yana sayen man inji, ya san ranar ban ruwa, ya san sa'ar da ganye ya fara ja alamar wani abu ya gaza. In ya ga tsutsa, har kasuwar Acida zai taka ya tambayi mai magani. Ragon layya ma ana auna masa dusa da kowa da harawa, a sa masa kanwa. Amma ɗan cikinsa, tun safe koko tsararo, da rana ragowar tuwon jiya, da dare tuwo da miyar kuka lami. In ya rame a ce mayya. Subhanallahi! Zargin maita kuwa zunubi ne a kan zunubi: an bar yaro ya lalace, an kuma ɗora wa wata baiwar Allah ƙazafi, wata ƙila tsohuwa ce da ba ta da mai tsaya mata.

Ciyarwa wajibi ce, kuma ba cika ciki ake nufi ba

A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya ambaci shayarwa ta shekara 2 cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma a cikin ayar ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa. Lura da yadda aka haɗa su wuri guda: nonon yaro da abincin uwa. Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, sai aka yi mata izinin ta ɗebi abin da zai wadace su daga dukiyarsa. Ma'aunin shi ne wadatarwa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa tozarta wanda ciyar da shi ke wuyanka ya isa zunubi.

To mene ne wadatarwa? Jiki kamar gini ne. Gero da dawa da shinkafa da masara suna ba da ƙarfin aiki, su ne kamar itacen da ke cin wuta a murhu. Amma tubalin da ake ɗora tsoka da jini da ƙashi yana cikin wake, gyaɗa, waken suya, nono, ƙwai, kifi da nama. Masu tsaron gidan kuma, waɗanda ke kare ido da fata da hana cuta samun ƙofa, suna cikin ganye da 'ya'yan itace: zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, kuka, kabewa, manja, mangwaro, gwaiba. Mutumin da ya auno gero kaɗai ya zuba wa iyalinsa ya ce ya sauke nauyi, kamar wanda ya tara itace ne a fili ya ce ya gina gida. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. In ciyarwa ba ta cika sai da sanin abin da ke gina jiki, to neman wannan sani ya hau kan maigida.

Abin kunyar shi ne, duk abin da na lissafa a ƙasarmu yake. Allah ya ba mu gulbin Rima. Tun 1984 aka gama madatsar ruwan Goronyo, ga kifi, ga noman rani. Fadamar Wurno ta shahara da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Rabah na bakin gulbi, ga Fulani da nono kewaye da mu. Amma ƙwan zabi da na kaza kasuwa ake kai su, wake a sayar tun kaka, kifi mai kyau a loda shi zuwa birni. Maigida da magariba ya zauna teburin mai shayi, a soya masa ƙwai 3, ya biya wurin mai tsire, ya goge baki kafin ya shiga gida. Ya ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Ƙwai ɗaya daga cikin ukun nan, in da ɗanka mai shekara ɗaya ya samu kullum, da ka ga canji a jikinsa. In kuma an ce maka yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, ka tambayi mai faɗin: a wace aya, a wane hadisi? Camfi ne kurum, kuma in ka duba da kyau za ka ga irin wannan camfin kullum bakin yara da mata yake rufewa, bai taɓa hana babban namiji cin komai ba.

Al'adun da muka ɗauka addini ne

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya rubuta Ihya'us Sunna don raba mutane da al'adun da suka shige wa addini, kuma a Nurul Albabi ya yi kakkausan zargi ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Da yawan yaran da muke binnewa jahilcin da muka bar mata a ciki ne ya kashe su, laifin kuwa namu ne.

Ɗauki dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da ke fitowa a kwanakin farko bayan haihuwa. A gidaje da yawa ana matse shi a zubar, wai ƙazanta ne. Wasu har gwaji suke yi, a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. A hana jariri mama kwana 2 ko 3, ana ɗura masa ruwa da jiƙe-jiƙe da nonon akuya. Likitoci kuwa sun tabbatar dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, cike yake da abubuwan da ke kare hanjinsa daga cuta, shi ya sa suke cewa a sa yaro a mama cikin sa'ar farko. Wanda ya halicci yaron shi ya halicci dakashin, ya kuma fito da shi daidai lokacin da ake bukatarsa. Wa ya fi shi sani?

Suna kuma cewa wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa kada a ba shi. Na san nan ne ake gardama. Wata dattijuwa ta ce mini, "Malam, cikin zafin ga na Sakkwato a hana jinjiri ruwa? Wanga ai rashin imani na." Na fahimci tausayinta. Amma kusan kashi 9 cikin 10 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda bai bi ta randa ko moɗa ba. Ruwan da muke ba shi daga rijiya ko gulbi shi ke kawo zawo, zawo kuma shi ne ƙofar tamowa. Uwa za a ba ruwa da abinci ta ƙoshi, ta yawaita ba shi mama. Wani ɗalibi ya tambaye ni, to ina tahniki? Tahniki sunna ce tabbatacciya: a tauna ɗan dabino a shafa a dasashin jariri. Shafawa ce sau ɗaya, ba ciyarwa ba ce, kuma ba hujja ba ce ta ɗura wa jariri dauri da ruwan rubutu na wata da watanni. Zuma ma, da Allah ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli, likitoci sun gano tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba, don haka a dakata sai ya shekara. Wannan bai rage wa ayar komai ba. Nama ma halal ne, amma ba ka ba ɗan kwana 7.

Sai maganar yaye. A wurinmu mace in ta yi kwanika, wato ta sami ciki tana goyo, a ranar da aka gane a ranar ake cire yaro, wai nonon ya zama guba. A shafa maɗaci a mama, a kai yaron gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa a yini ɗaya. Bayan wata 2 sai ka ga ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na saɓulewa. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a ƙasar Gana a shekarun 1930, ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture saboda ƙaninsa na tafe. To ka saurari abin da Muslim ya ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana gila, sai ya duba Rumawa da Farisa ya ga suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya fasa hanawa. Imamu Malik ya fassara gila da saduwa da mace mai shayarwa, wasu malamai suka ce shayarwa ce alhali tana da ciki. Ko wacce ka ɗauka, babu maganar guba. Likitocin yau ma sun ce mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da shayarwa, illa dai a ƙara mata abinci.

Ka tsaya a kan hadisin nan, domin ya amsa tambayarmu ta biyu. Rumawa Nasara ne, Farisa masu bautar wuta ne. Amma a kan maganar lafiyar jarirai, Manzon Allah ya dubi abin da aka jarraba a wurinsu ya yi aiki da shi. A hijira ma wanda ya nuna masa hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a lokacin ba Musulmi ba ne, an ɗauke shi ne don ya san hanya. Saboda haka mai cewa ba zai ji maganar asibiti ba don ta Turawa ce, bai fi Annabi kishin addini ba. Abin da ya saɓa wa nassi mu ƙi shi ko daga bakin wa ya fito. Abin da bai saɓa ba, kuma gwaji ya tabbatar da amfaninsa, mu ne muka fi cancanta da shi. Magabatanmu ma haka suka yi. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki a littafi ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno tun 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ba su ga ilmin jiki a matsayin kishiyar ilmin addini ba.

Masana yau suna maganar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, cewa abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi. Ni ba na cikin masu tilasta wa aya ta dace da kowane sabon bincike. Amma wanda ya riƙe shayarwar shekara 2 da ciyar da uwa kamar yadda aka umarta, ya riga ya tsare mafi yawan kwanakin nan. Shari'a har azumi ta sassauta wa mai ciki da mai shayarwa in sun ji tsoron cutuwa, dalla-dallar ramuwa da ciyarwa kuma tana cikin Risala da kowa ya karanta. In Allah ya ɗage farilla saboda cikin jariri, kai wane ne da za ka bar mai jego da ƙanzo?

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa, a nan ne kuma yawancin yaranmu suke faɗuwa. Cikin yaro ƙarami ne, in ka cika shi da koko mai ruwa ka cika shi da banza. A dama kunun da kauri yadda zai zauna a cokali, a sa masa gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, ko garin busasshen kifi, ko ɗan manja, ko nono. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa tare. A ba shi sau 2 ko 3 a yini da farko, daga wata 9 sau 3 ko 4, a kwanonsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma biyu sun share kwanon. In zawo ya kama shi kada a janye abinci ko mama, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki. A kai shi rigakafin ƙyanda, a karɓi ɗigon bitamin A da ke kare shi daga dundumi. A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci. Mu da muke alwala sau 5 a yini bai kamata a zo daga wata ƙasa a koya mana wannan ba.

Wanda yake ganin na tsananta, ya je asibitin yara masu ciwon noma a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shiga taimaka masa a 2014. Noma ciwo ne da ke farawa da gyambo a dasashi, cikin kwanaki ya cinye kumatu da leɓe har ƙashi. Yawanci yara 'yan shekara 2 zuwa 6 yake kamawa, waɗanda yunwa ko ƙyanda ta riga ta raunana. In ba magani, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi, alhali in an kai da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci suna tsayar da shi. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuma ta jagoranci neman hakan. A ƙauyuka ana ce masa ciwon iska, a yi ta turare da yanka baƙar kaza har fuska ta tafi. Ga shirka, ga hasarar ɗa.

Wanda ba shi da shi fa?

Yanzu wani zai ce, Malam, ka yi ta faɗa da mai albasa, to mu da ba mu da ko mudu? Wannan magana gaskiya ce, kuma zalunci ne in tsallake ta. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka tsere zuwa Gandi da abin da ke jikinsu. A Oktoban 2021 an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Wanda aka kore shi daga gonarsa, aka kora shanunsa, aka ƙone rumbunsa, ba za a ce masa ya yi sakaci ba. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Matar da ke gudun hijira da 'ya'ya 4 ba lacca take bukata ba.

Amma nauyin da ya sauka daga kanta bai ɓace ba, ya koma kan waninta ne. Ya koma kan maƙwabci, domin an ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya kwana da ƙoshi maƙwabcinsa na jin yunwa yana sane. Ya koma kan mai shinkafa da gero da wake da suka kai nisabi, wusƙi 5: ushiri in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in da inji aka yi ban ruwa. Mai albasa kuma kada ya yi murna don an ce a mazhabar Malik babu zakka a kan kayan lambu. Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai, kuma ko a wurin Malik kuɗin da ka tara in sun kai nisabi suka shekara sai ka fitar. Ya koma kan mai ɓoye hatsi yana jiran damina ta yi tsakiya farashi ya hau, wanda hadisin Muslim ya kira mai laifi. Mu dubi kuma abin da muke narkarwa a gara da lefe da tukwanen sadakar uku da bakwai da arba'in, waɗanda babu wanda ya umarce mu da su. Rabin wannan da zai riƙe marayun unguwa daga shuka zuwa kaka.

Ya koma kan masu mulki, su ne ma kan gaba. Ibn Sa'ad ya kawo labarin wani dare da Sayyidina Umar yake gadin wani ayarin fatake a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu. Ya ji jariri na ta kuka, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Ita ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa yaye shi take yi da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba kuka ya hana mutane jin karatun Umar a salla. Da ya sallame ya zargi kansa da kashe 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa, ya kuma aika da wannan umarni zuwa sauran garuruwa. Umar bai ce kwana ya ƙare ba. Ya binciki dokarsa ya ga ita ce sanadi, ya canza ta kafin rana ta fito. Duk mai riƙe da amanar jama'a, daga hakimi zuwa gwamna, ya auna kansa da wannan.

Akwai kuma wata amana da ta shafi talaka da kansa. A cibiyoyin lafiya ana auna damtsen yaro da wani ɗan tsiri mai launi. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana bakin mutuwa ko da yana wasa. Ana ba uwa wani abinci na leda, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma ga amfaninsa a yunwar Maraɗi ta 2005, inda aka yi jinyar dubban yara da shi a gidajen iyayensu. Magani ne, an ƙidaya shi daidai da nauyin yaron. Amma sai ka gan shi a faifan mai talla, ko maigida ya matsa a burodi ya sha shayi. Wanda ya sayar, da wanda ya saya yana sane, da ma'aikacin da ya karkatar da kwali, dukkansu sun ci haƙƙin mara lafiyan da ba shi da bakin kai ƙara. Ban ga wata fuska da za a halatta wannan ciniki ba. In yunwar sauran yara ce ta sa uwa ta raba musu, ita ina tausaya mata, laifin yana kan mu da muka bar gidan babu komai. Limamai da masu unguwa su san gidajen da aka ba wannan magani, a kai musu tallafin hatsi daga zakka, domin ledar ta tsaya a bakin wanda aka rubuta wa.

Mahaifin yaron nan na koma wurinsa bayan kwana 10, mu biyu kaɗai, na gaya masa abin da na rubuta a nan, da taushin da na iya. Bai ji daɗi ba. Ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce akwai ƙanwar marigayin, watanta 4, kakarta ta riga ta fara ba ta ruwa da koko. Na ce ya fara da uwar, ya riƙa shigo da tsiren nan gida, ranar awo kuma ya kai su asibiti da kansa a auna damtsen yarinyar in ta cika wata 6. Kakar kuwa na ce ya bar ni da ita, zan sa malamar Islamiyyar matan garin ta je ta same ta.